Yadda Ake Rina Sutun Ulu a Gida da Garin Lemon Sha Kafin a Kaɗa Shi

Duk wanda ya ga zaren da na kaɗa kwanakin baya, mai ja da ruwan goro a haɗe, tambayarsa ɗaya ce: a ina na samo ulu mai wannan launi? Idan na ce a kicin na rina shi da garin lemon da ake damawa a sha, sai a ce in yi bayani dalla-dalla. Na amsa wa mutum ɗaya, na amsa wa biyu, har na ga gara in zauna in rubuta aikin daga farko zuwa ƙarshe, yadda nake yin sa da hannuna.

Abin da nake kira sutu a nan shi ne ulun da aka wanke, aka taje, aka ja shi ya zama dogon layi mai laushi kamar igiyar da ba a murɗa ba, wanda daga shi sai mazari. Shi za mu rina. Tun yanzu ku riƙe wannan: samun launi ba wuya, kusan da kansa yake kamawa. Wahalar tana wajen fitar da sutun daga ruwa yana nan da laushinsa, yana jawuwa a hannu. Zaren da aka riga aka kaɗa yana jure juyi da matsa, amma sutu ba ya jurewa, domin babu murɗin da ke riƙe gashinsa. Kusan duk gargaɗin da za ku gani a ƙasa a kan wannan yake.

Mataki na 1: Ku tabbatar ulu ne na gaske

Launin da ke cikin garin lemo yana kama abin da ya fito daga jikin dabba ne: ulun tumaki, gashin alfaka (wata dabba dangin raƙumi), gashin akuyar angora, da siliki. Yana kuma kama nailan. Auduga ba ta karɓarsa, haka lilin da zaren roba na akirilik. Za su yi kamar sun rinu a cikin tukunya, da an ɗauraye sai launin ya bi ruwa.

Idan kuna shakka, ku tsinko ɗan kaɗan da tsinken ƙarfe ku kai shi bakin wuta a kan faranti. Ulu yana warin ƙonannen gashi, wutar takan mutu da kanta, kuma abin da ya rage yana murmushewa a yatsa. Auduga tana ci bal-bal da warin takarda. Na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri.

Farin ulu shi ke nuna launi yadda yake. Mai ruwan toka ma yana rinuwa, launin kan fito da duhu da zurfi, kuma ni ina son sa ƙwarai da ja. Game da irin tumaki, ulun merino ya fi kowa laushi, kuma ya fi kowa saurin curewa, wato gashin ya sarƙe ya dunƙule ya ƙi jawuwa. Mai koyo ya fara da mai ɗan kauri irin Corriedale ko Romney, sun fi yafe kuskure. Akwai kuma ulun da masana'anta suka gyara don ya jure injin wanki. Shi ba ya curewa, sai dai yana zuƙe launi nan take, inda ruwan rini ya fara taɓawa nan zai fi duhu, kuma a cikin ruwa yana da santsi, yana iya rabewa a hannunku.

Gargaɗi: idan sutun yana da maiƙo a hannu ko yana warin tunkiya sosai, akwai sauran man jikin dabbar a ciki. Man nan yana hana launi shiga, sai rinin ya fito dabbare-dabbare. Irin wannan sai an jiƙa shi a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke an sauya ruwa sau biyu, ba tare da cuɗawa ba, kafin a zo maganar rini.

Mataki na 2: Zaɓen garin lemo

A nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗinsu. Garin da ake nema shi ne wanda ba a sa masa sukari ba, ƙaramin fakiti mara nauyi, wanda mai sha ke ƙara sukarinsa da kansa. Wanda masu wannan aiki suka fi sani shi ne Kool-Aid na Amurka, wanda fakitinsa ɗaya ke haɗa kusan lita 2 na abin sha. Amma sunan kamfani ba shi ne abin dubawa ba. Ku juya bayan fakitin ku karanta abin da ke ciki.

Abu biyu kuke nema. Na farko sinadarin tsami na sitirik, wanda lambarsa E330. Shi ke sa ulu ya karɓi launi, shi ya sa ba a bukatar wani maganin kama rini daban. Na biyu launin abinci na masana'anta. Ja yakan zo da lamba E129, wanda a fakitin Amurka ake rubutawa Red 40, ko E122, ko E124. Shuɗi shi ne E133, wato Blue 1. Rawaya E102, ruwan goro E110. Duk waɗannan suna kama ulu da kyau. Idan kuka ga launin daga tsiro aka samo shi, kamar E160a na karas, ko E162, ko E163, ku ajiye shi don sha, ba zai ba ku abin da kuke so ba.

Gargaɗi: gari mai sukari yana sa sutu danƙo, yana iya ƙonewa a gindin tukunya, kuma launin da ke cikinsa kaɗan ne in aka kwatanta da nauyinsa. Wanda aka zaƙaƙa da sinadarin zaƙi maimakon sukari yana aiki, sai dai a ɗauraye sosai.

Kada hoton jikin fakiti ya ruɗe ku. Akwai fakiti mai shuɗin zane da garinsa ja ne. Ku zuba ɗan tsinke na garin a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda ku ga ainihin launinsa. A bisa al'ada ɗanɗanon ceri yana ba da ja sosai, baƙin ceri ja mai duhu, sitiroberi ja mai haske da ke karkata zuwa ruwan hoda, lemon zaƙi ruwan goro mai ƙarfi. Na lemon tsami rawayarsa ba ta da ƙarfi ko kaɗan, sai an ninka fakiti biyu ko uku kafin a gan ta. Na inabi kuwa yana da halinsa, zan zo kansa.

Mataki na 3: Kayan aiki da lissafin abin da za a kashe

Kusan komai yana kicin. Tukunya mai faɗi ta ƙarfe mara tsatsa ko mai rufin tangaran, roba babba ta jiƙo, kofuna ko kwalabe na dama launi, cokali, matsami mai faɗi, safar hannu ta roba, tsofaffin tawul biyu, sabulun wanke-wanke na ruwa, da farin ruwan khal. Wanda zai yi launi da yawa zai ƙara da ledar naɗe abinci da sirinji babba marar allura ko robar matsawa mai tsinin baki. Tukunyar alminiyam na guje mata, domin tsami yana cin ta, kuma tana iya dusashe launi.

Abu biyu ne nake cewa a saya in babu su: sikelin kicin mai auna giram, da ma'aunin zafi na girki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a ulu ido ba ya sanin kima, domin tulin da ya cika hannu biyu zai iya zama giram 30 kacal.

Da yake launin na abinci ne, ba laifi a yi amfani da tukunyar girki a wanke ta bayan an gama. Wannan rangwame na garin lemo ne kawai. Ranar da kuka koma rinin masana'anta na marina, dole a ware masa tukunyarsa da cokalinsa.

Lissafin kuɗi kuwa a yawan fakiti yake. Ma'aunin da nake bi shi ne fakiti 1, irin mai haɗa lita 2, ga kowane giram 25 zuwa 30 na busasshen ulu, don launi matsakaici. Wato giram 100 zai ci fakiti 4. Launi mai haske, rabin haka. Launi mai zurfi, ninki biyu, fakiti 8 ke nan. Ku ga inda lissafin ke tafiya: giram 100 ya isa hula ko safar hannu, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Amma rigar sanyi ta babba tana iya cin giram 500 ko fiye, fakiti 20 zuwa 40 ke nan. A wannan matsayi garin lemo ya daina zama mai araha, gara a nemi launin abinci na kwalba a haɗa da ruwan khal, ko rinin ulu na gaske. Ni dai ina ganin wurin garin lemo shi ne ƙananan ayyuka da koyo, kuma a nan babu kamarsa.

Mataki na 4: Auna sutu ku shirya shi

Ku auna shi yana bushe, ku rubuta nauyin. Karo na farko kada ku wuce giram 50. Ku raba sutun zuwa tsayin da za ku iya ɗauka ba tare da ya ja ƙasa ba, kamar mita 1 zuwa 2. Ba a yanka sutu da almakashi. A riƙe shi da hannu biyu, a bar tazara kamar taƙi ɗaya da rabi a tsakani, a ja a hankali, zai rabu da kansa.

Wasu na yi masa sassauƙar kitso irin na sarƙa kafin su jiƙa, don kada ya warwatse. Yana taimakawa, amma in kitson ya yi tsauri launi ba zai shiga lungunansa ba, za a samu fari-fari a ciki. Ni nakan naɗe shi kawai kamar gammo, in sa shi cikin jakar raga irin ta wanki, in bar masa sarari.

Mataki na 5: Jiƙo

Ku cika roba da ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda hannu ke shiga ba tare da jin zafi ba. Ku ɗiga sabulun wanke-wanke digo biyu ko uku, ku gauraya a hankali kada ya yi kumfa. Sai ku ɗora sutun a saman ruwan ku danna shi ƙasa da tafin hannu, sannu-sannu, har iskar da ke ciki ta fita. Ulu yana ƙin ruwa da farko, zai yi ta tasowa. Ku danna, ku bar shi. Minti 30 shi ne mafi ƙaranci, awa ɗaya ya fi.

Ana gane ya jiƙu idan ya nutse ya daina nuna wuraren da suka yi fari fat kamar busasshiyar auduga. Duk inda ya rage a bushe, nan launi zai tsallake.

Gargaɗi: kada ku taɓa buɗe famfo a kan sutu. Ruwan da ke zuba da ƙarfi cuɗawa ne. Kullum a fara tara ruwa, sannan a kawo ulu.

Ga dalilin duk wannan lallaɓawa. Kowane silin ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, jere kamar na kifi. Idan ya jiƙe ya ji zafi, ɓawon yakan ɗaga. In aka motsa shi a wannan hali, sili ya sarƙe da sili, kuma ba sa sake rabuwa. Shi ne curewa. Zafi kaɗai ba ya jawo ta, sai an haɗa da motsi, ko an fitar da ulu daga ruwan zafi an jefa a na sanyi.

Mataki na 6: Dama launi

Ku sa safar hannu tukuna. Ku zuba garin a kofi, ku kawo ruwan zafi kamar rabin kofi ku dama har ya narke sarai, babu gudaji a ƙasa. Garin yana da laushi sosai, yana tashi, don haka ku zuba shi kusa da gindin kofi, kada ku shaƙa. Ku shimfiɗa leda ko tsohuwar jarida a kan teburi, domin ja in ya ɗiga a katako ya zauna.

Tsamin da ke cikin fakiti yakan isa in an yi amfani da fakiti da yawa a ruwa kaɗan. Amma in launi mai haske kuke so, fakiti 1 ko 2 a tukunya cike da ruwa, tsamin ya yi kaɗan. Haka in ruwanku mai gartsi ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa. A nan sai a ƙara farin ruwan khal babban cokali 3 zuwa 4 ga giram 100 na ulu.

Wajen haɗa launi, ku tuna cewa ja yana danne kowa. In kuna son ruwan goro mai ɗan ja, fakiti 3 na lemon zaƙi da rabin na ceri ya isa. Shuɗi da rawaya su ba da kore, shuɗi da ja su ba da shunayya. In aka haɗa ja da kore, ko shunayya da rawaya, ruwan ƙasa za a samu, kuma ba koyaushe mai kyau ba.

Mataki na 7: Rini a tukunya, don launi ɗaya

Ku zuba ruwa a tukunya wanda zai rufe sutun ya bar masa wurin sakewa, ɗuminsa daidai da na ruwan jiƙo. Yawan ruwa ba ya rage ƙarfin launi, domin ulun zai zuƙe launin duka ko ruwan lita 2 ne ko 4. Abin da ke yanke ƙarfin launi shi ne yawan fakiti a kan nauyin ulu. Ku juye damammen launin ku gauraya da kyau yanzu, domin wannan ne juyi na ƙarshe da cokali zai yi a tukunyar nan.

Ku ɗago sutun daga ruwan jiƙo da hannu biyu, kuna tallafe shi daga ƙasa, ku matse shi kaɗan tsakanin tafukan hannu ba tare da murɗawa ba. Ku kwantar da shi cikin tukunya ku danna da bayan cokali har ya nutse. Sai a kunna wuta ƙasa-ƙasa. Ana so zafin ya hau a hankali cikin minti 20 zuwa 30 har ya kai digiri 80 zuwa 85 a ma'aunin Salsiyos. In babu ma'auni, alamar ita ce tururi na tashi, ƙananan kumfa na manne a gefen tukunya, amma ruwan bai fara motsi ba. A riƙe shi a haka minti 20 zuwa 30.

Gargaɗi: kada ya tafasa. Tafasa juyi ne da ruwa ke yi da kansa, kuma yana cure ulu kamar yadda cokali ke yi.

Karo na farko da na yi wannan aiki, na ga gefe ɗaya ya fi ɗaya ja, sai na ɗauki cokali na juya kamar mai miya, sau uku ko huɗu kawai. Da ya bushe na kama bakinsa na ja, ko gezau. Farin merino giram 100 da na daɗe ina tattalinsa ya zama igiya mai tauri, launinsa kyakkyawa, amma mazari ba zai ci shi ba. Ya yi min ciwo sosai, kuma tun daga ranar in na ga gefe ya fi gefe, iyakata in danna wurin da ya taso da bayan cokali sau ɗaya in janye hannuna. Bambancin duhu da haske a sutu ba aibi ba ne ma, wajen kaɗi yakan gauraye ya ba zare rai.

Yadda za ku san an gama abin sha'awa ne. Ku ɗebo ruwan da farin cokali ko kofin gilashi. Ruwan da ya fara ja wur zai koma garau kamar ba a taɓa sa masa komai ba, launin duk ya koma jikin ulu. Wasu ɗanɗanon, musamman na lemon tsami da wasu masu shuɗi, sukan bar ruwan fari-fari kamar an ɗiga madara. Wannan ba launi ba ne, sinadarin da ke sa abin sha ya yi kauri a ido ne, kuma ba komai. In bayan minti 30 ruwan na nan da launi, ku janye sutun gefe da cokali, ku zuba ruwan khal babban cokali 2 a wurin da babu ulu, ku ƙara minti 10. In har yanzu bai washe ba, fakitin ne ya yi yawa, ulun ya ƙoshi.

Na ce zan dawo kan inabi. Shunayyarsa haɗin ja da shuɗi ce, kuma ja yana riga shuɗi kamawa. Don haka sutun kan fito wani wuri ja-ja, wani wuri shuɗi-shuɗi, ruwan tukunya kuma ya koma shuɗi kafin ya washe. Kada ku sauke a lokacin, shuɗin yana bukatar ƙarin lokaci da ɗan ƙarin tsami. Masu son wannan rarrabuwa suna nemanta da gangan. Wanda ke son shunayya lafiyayya ya fara da ruwa mai ɗumi kaɗan, ya ja lokacin hawan zafi.

Mataki na 8: Rini da hannu, don launi da yawa

Wannan ita ce hanyar da na fi so. Ku shimfiɗa ledar naɗe abinci doguwa a kan teburi, falle biyu gefe na hawa gefe. Ku matse jiƙaƙƙen sutun har ya daina ɗiga, ku kwantar da shi a kai, ko a miƙe ko a lanƙwashe kamar tafiyar maciji. Launin a nan ana dama shi da kauri, fakiti 1 a ruwa kamar mililita 60 zuwa 80, kowane launi da kofinsa.

Ku zuƙa da sirinji ku ɗiga a yanki-yanki, sannan ku danna da yatsu masu safa don ya ratsa har ƙasa. Ku ɗaga gefe ku leƙa, sau da yawa sama ya rinu ƙasa na nan fari. Ku bar ɗan sarari kamar faɗin yatsa biyu tsakanin launi da launi, za su matso su haɗu da kansu. Ku lura da maƙwabtaka: kada kore ya zauna kusa da ja sai in akwai rawaya a tsakaninsu. In ruwa ya taru a kan ledar, ku tsane shi da tsumma, in ba haka ba zai gangara ya dagula sauran.

Sai a naɗe ledar ta rufe sutun ta tsawo, a nannaɗe shi kamar gammo. Daga nan hanya biyu ce. Ko a turara shi a madambaci ko a kan matsami bisa ruwa mai tafasa, a rufe, minti 30 zuwa 40. Ko a sa shi a kwanon gilashi cikin na'urar ɗumama abinci, wato maikirowef: minti 2 a kunne, minti 2 a huta, har sau uku. A duba ruwan da ya taru a kusurwar ledar, in ya washe an gama.

Gargaɗi: ulun da ya bushe a cikin na'urar yana ƙonewa, don haka dole ya kasance a jiƙe ko'ina. Kada ƙarfe ya shiga, ko ɗan ƙaramin abin ɗaure ne. Kuma kada ku buɗe ledar da zafinta, tururin da ke ciki yana ƙuna fiye da yadda ake zato.

Mataki na 9: A bar shi ya huce

Ku kashe wuta, ku rufe tukunya, ku tafi harkarku. Sai ya huce sarai, ya dawo daidai da zafin ɗaki. Yakan ɗauki awa 3 ko 4, ni kuwa nakan rina da yamma in bar shi ya kwana. Sauran launin da ya rage a ruwa yakan ƙarasa shiga a wannan lokaci. Na san zumuɗin son gani, amma a nan ne mutum ke ɓata aikin da ya yi daidai tun daga farko, ya ciro sutu da zafi ya kai shi ruwan sanyi.

Mataki na 10: Ɗauraya

Ku tara ruwa a roba, zafinsa daidai da na sutun. Ku tallafo shi ku kwantar a ciki, ku danna sau biyu, ku bar shi minti 10. Ku ɗago shi a matsami, ku zubar da ruwan, ku tara sabo. Sau biyu ko uku ya isa. In kun ga ɗan launi na fita a ruwan farko, digon sabulu ɗaya zai fitar da wanda bai kama ba. In kuwa yana ta zuba har ruwa na uku, zafin bai isa ba. Ku mayar da shi tukunya da ruwa da ruwan khal babban cokali 3, ku sake hawa da shi digiri 80 na minti 20.

Gargaɗi: bilic, wato ruwan da ake faranta kaya da shi, yana narkar da ulu, kada ya kusance shi. Bakin soda da sabulun wanki mai ƙarfi su ma suna sa shi kaushi. Bakin soda dai yana da amfani wajen goge launi daga hannu ko teburi, can nesa da sutun.

Ƙamshin lemon zai zauna kwana kaɗan, sannan ya tafi da kansa.

Mataki na 11: Tsanewa da shanya

Ku kwantar da sutun a kan tawul, ku naɗe, ku danna da hannu ko ku taka a hankali. Ba a murɗawa. Ku sauya busasshen tawul ku sake. Daga nan a shanya shi a inuwa inda iska ke wucewa. Jiƙaƙƙen sutu yana da nauyi, in aka rataye shi ta wuri ɗaya zai miƙe ya tsinke, don haka a ɗora shi a kan sanduna biyu ko uku, ko a shimfiɗa shi a kan raga. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu.

Kada ku firgita da kamanninsa a wannan lokaci. Zai yi siriri ya lafe kamar jelar da ruwa ya doka, launin kuma ya fi duhu. In ya bushe zai kumbura, launin ya ɗan yi haske. Ku taɓa tsakiyarsa, in akwai sanyi-sanyi bai bushe ba, kuma ulu mai laima ba ya jawuwa daidai.

Rana ita ce raunin wannan rini. Wanki ba ya fitar da shi in ya kama da kyau, amma hasken rana na yau da gobe yana dusashe shi, shuɗi da shunayya sun fi saurin kodewa. Abin da zai zauna a bakin taga kullum, a nemar masa wani rinin.

Mataki na 12: Buɗe sutu kafin mazari

Ko an bi komai daidai, sutun da ya sha ruwa yakan ɗan matse. Ku kama yanki kamar taƙi biyu, ku buɗe shi ta faɗi da yatsu, kamar mai buɗe ƙullin auduga, har ya yi shara-shara. Sannan ku riƙe da hannu biyu da tazara, ku ɗan fizge shi sau biyu ko uku, za ku ji silin suna sakin juna. Ku bi tsawonsa duka a haka. In bayan wannan yana jawuwa sumul, kun ci nasara. In saman ne kawai ya ɗan cure, ku tsaga shi gida huɗu ta tsawo ku ja kowane a hankali, ko ku sake taje shi da matajin ulu. In ya cure har ciki, ba ya komawa, sai a yi wani abin da shi, kamar ƙwallon ado ko matashin allura.

Mataki na 13: Yadda launi zai fito a zare

Yadda kuka tsaga sutu shi ke tsara zaren. In kuka kaɗa shi da kaurinsa daga wannan baki zuwa wancan, kowane launi zai yi tsawo sosai kafin na gaba ya shigo. In kuka tsaga shi sirara gida shida ko takwas, launukan za su riƙa sauyawa da sauri. Wajen tufka kuma, in aka haɗa sili biyu da launinsu bai zo daidai ba, zaren kan fito da ratsi-ratsi, ja na zagaye rawaya. Daga nesa ido yana haɗa su, shi ya sa sutu mai launi biyar masu faɗa da juna yakan ba da zare mai duhu-duhu. Wanda ke son kowane launi ya tsaya shi kaɗai ya yi tufkar sarƙa, inda sili ɗaya ake lanƙwasawa gida uku a kan kansa. Ga mai farawa, launi biyu ko uku masu dangantaka, kamar ja da ruwan goro da rawaya, ba sa ba da kunya ko ta yaya aka tufka su.

In yatsunku suka ɗauki launi lokacin kaɗi, ɗaurayar ba ta isa ba, sai a gyara wajen wankin zare: bayan an tufka, a jiƙa shi minti 20 a ruwan ɗumi da ɗan ruwan khal, a tsane a tawul, a shanya a inuwa. Kafin ku ajiye, ku yanko zaren kamar taƙi ɗaya ku manna a littafi, ku rubuta nauyin ulun, irinsa, ɗanɗanon garin da yawan fakiti, da ko kun ƙara ruwan khal. Kamfanoni sukan sauya haɗin launinsu ko su daina yin wani ɗanɗano, don haka ku haɗa da lambobin launin da ke bayan fakitin, da su za ku nemi madadinsa.